Furar Da Na Dama Wa Inna

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ni matar aure ce a Kara ta ƙasar Gwarzo, mai taurin kai da ganin na fi kowa iya jinya. Tsadar rayuwa ta cinye mana shanu, saura biyu, amma ba a rasa nono a gidanmu. Lokacin ne hannun mahaifiyata ya fara karkarwa, har faifai ya gagare ta riƙewa. Yayana ya kai ta asibiti a Gwarzo, likita ya ce ciwon daga ƙwaƙwalwa yake, ya rubuta ƙwaya. Ya ce a ba da tazarar kamar awa guda tsakanin ƙwayar da nono, wake ko nama, amma kada a hana ta su, don ƙashinta na buƙatarsu. Da yayana ya faɗa mini, na ja tsaki. Na ce tun da nake ban taɓa jin an sha magani ciki ba komai ba, kuma wa zai koya wa jikar makiyaya amfanin nono?

Sai na riƙa daka ƙwayar ina zubawa cikin fura mai kauri, in biyo ta da alalen waken Getso. Inna ta sha gaya mini ƙafafunta suna mannewa da ƙasa, ni kuwa ina tsokanarta wai son jiki ne. Duk da haka hankalina ya ƙi kwanciya, na kasa zaune na kasa tsaye, amma maimakon in mayar da ita asibiti sai na ƙara nono, na sayo maganin ƙarin jini a kemis. Wata rana da azahar ta tashi za ta yi alwala, ƙafa ta kafe a bakin ƙofa, jiki ya tafi, ta faɗi. Ƙashin ƙugunta ya karye. A asibiti likita ya tambaye ni yadda nake ba ta maganin, na zayyana masa har da alfahari. Sai ya ce nonon da maganin ƙarin jinin ne ke tare wa ƙwayar hanya.

Inna ba ta sake takawa ba. Ba ta taɓa zargina ba, cewa take ƙaddara ce, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Har yau in na ɗauki ludayi sai in tuna da furar nan. Masu jinya, in maganar likita ta saɓa wa abin da kuka tashi da shi, ku koma ku tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ni awa guda kawai aka roƙe ni, na hana uwata.