Shafin Baban Haggai

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa caji shagon Haggai, kusa da inda ake shiga motar Dabai, ya san sai ya yi sallama sau biyu kafin a ɗago kai. Shagon askina na jikin nasa shekara goma sha ɗaya ke nan, don haka na san abin da ke ɗauke masa hankali. Akwai wani kundin ilimi a intanet wanda kowa ke iya rubutu a ciki, ya kuma gyara na wani. Mutanen kirki na rubuta tarihin garuruwa da cututtuka. Shi kuwa Haggai, magidanci mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, jaruman littattafan zane ya riƙe: masu tashi sama, masu fitar da wuta ta ido.

Laifin babansa ne. Marigayi Sila soja ne, kuma da ya bar aiki ya dawo Zuru da akwatin ƙarfe, rabi kaki, rabi irin littattafan nan da ya tsinta a bariki. Da su Haggai ya koyi Turanci, da su kuma ya koyi gardama.

Gardamar ce ta yi masa suna a kundin. In wani ya rubuta cewa jarumi kaza ya fi walƙiya gudu, Haggai zai goge, ya bar masa saƙo: a wane littafi, shafi na nawa? Madogara, wato shaida a rubuce, ita ce addininsa na biyu. Ni kaina ya taɓa neman madogara a wurina don na ce an yi ruwa a Mahuta.

Bara, da Sila ya cika shekara goma da rasuwa, Haggai ya buɗe masa shafi. Tsari ɗaya ya iya, na shafukan jaruman zane, shi ya bi. A ƙarƙashin "Ƙarfi da baiwa" ya rubuta cewa ba a taɓa kayar da Sila a kokawa ba, kuma shekara bakwai ya yi yana golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, ba tare da wani ya riga shi kai ƙarshen kunya ba. Abokan gaba: birai masu ɓarnar masara. Rauni: tsoron allura.

Washegari wata mai gyara daga Birnin Kebbi, Khairat, wadda Haggai ya sha goge wa rubutu, ta manna sanarwa a kan shafin: babu madogara, za a goge nan da kwana bakwai. Har da tambayarsa ta mayar masa, a wane littafi, shafi na nawa. Na yi dariya har na zauna, sannan na dubi fuskarsa na daina. Ƙananan 'ya'yansa ba su san kakansu ba, kuma abin da yake so kawai shi ne in sun rubuta sunan a waya wani abu ya fito. Na tausaya masa.

Ya rufe shago ya shiga nema. Littafin coci ranar baftisma da ranar biso kawai ya riƙe. Takardar soja lamba ce da hoto. Tsofaffin Dabai sun rantse masa sun ga kokawar da idonsu, amma ai shi ya fi kowa sanin baki ba madogara ba ne.

Rana ta bakwai da hantsi mahaifiyarsa Leah ta biyo ta shagon daga kasuwa, ta same shi ya yi tagumi. Ya yi mata bayani. Ta ce ya rubuta cewa ita ta gani. Ya ce doka ba ta karɓar haka.

"To wanga mai tashi sama da kamfai bisa wando," in ji ta, tana nuna hoton wani jarumin zane da ke bango, "wa ya gan shi?"

Haggai ya juya ya ƙura wa hoton ido.

Ta zauna a bencin masu jiran caji, ta ce ya karanta mata kafin a goge. Ya karanta a hankali. Ta yi dariya a kan allura. Da ya zo kan golmo sai ta ɗaga hannu.

"Ba bakwai ba, takwas. Babana ya ƙara mishi shekara guda don bai son rabuwa da manomi irin nai. Kuma haka ya koma gona saboda ni."

Haggai bai taɓa jin wannan ba. Ya san shafin ba zai kai yamma ba, duk da haka ya goge bakwai ya rubuta takwas. A wurin madogara ya sa: Leah, matarsa.