Ƙafar motarmu a gonar mutane

Muna tsakanin Falanko da Tanout, mun ratsa ta hanyar gona, za mu kai Inna wajen likita, sai motar ƙanena Laminu ta yi wata irin girgiza ta durƙusa ta baya.

Inna ta leƙa taga, a natse ta ce, "Waccan da ke gudu cikin gero, ba ƙafar motarmu ba ce?"

Ita ce kuwa.

Ashe satin jiya Laminu ya sa aka saka wa motar wasu fayafayan ƙarfe a bayan ƙafafun, don tayoyin su fito waje. Bai canza kusoshin da dogaye ba, suka yi ta kwancewa muna tafiya.

Na ce, "Laminu, me ya kai ka?"

Ya ce, "Yaya, da ka ga yadda ake kallonta a tasha."

A kan amalanken jaki Inna ta ƙarasa bakin titi, rana na dukanta. Kafin mu isa asibiti, likitan ya tashi daga aiki.

Har yanzu ban iya yi wa yaron nan magana ba. Masu mota, don Allah ku gaya mini, kallon 'yan tasha ya kai a yi kasada da ran uwa?