Kunne a Bakin Kwando

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin gida a Makka, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da na sauko da kare daga saman soro, gidan kuwa cike da alhazai masu harama. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun sha tambayata dalilin da ya sa mutanen unguwar Mansur ke ce mini Isiyaku Mai Kare. Ga asalin abin.

A farkon shekarun alif ɗari tara da sittin ne, lokacin da Hajji ke faɗowa cikin tsananin zafi. Ina aiki a unguwar Zahir, gidan wani likita da muke kira Daktur. 'Yarsa guda ce, Su'ad, shan inna ya taɓa mata ƙafa. Da ya kai ta magani Masar sai suka dawo da ɗan kare, don ya riƙa ɗebe mata kewa tunda ba ta fita wasa. Sunansa Bunduƙ. Irin karnukan Ingila ne da Daktur ke kira koka, gajere, ja, gashi mai yawa da laushi, kunnuwa dogaye har suna share ƙasa in ya sunkuya.

Saboda karen nan aka ɗauke ni aiki. Kukun gidan, Ammi Salihu, mutumin Yaman ne, kuma a mazhabarsu ta Shafi'iyya kare najasa ce mai nauyi, duk abin da ya taɓa da laima sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Mu Malikawa ba mu ɗauki kare mai rai najasa ba. Daktur ya san haka, shi ya sa ya nemi Bahaushe. Na koma wurin malaminmu ba sau ɗaya ba kafin na karɓi aikin, kuma duk da haka rigar aikina daban, rigar sallata daban.

Aikin yana da tsari. Da safe a taje gashin, musamman bayan kunne inda yake dunƙulewa. Lokacin cin abinci a ɗaure kunnuwan a ƙeya da ɗan ƙyalle don kada su faɗa cikin kwano. A share cikin kunnen da auduga a busar, don iska ba ta shiga irin wannan kunne, in aka bar shi da laima sai ya yi wari. Su'ad ce mai duba aikina, takan ɗaga kunnen ta sansana. Babbar dokar kuwa ita ce zafi. Daktur ya ce wannan gashi ba na ƙasar Makka ba ne, duk ranar da na ga harshen ya yi duhu kuma karen ya kasa tsayuwa, in kai shi wuri mai sanyi in jiƙa masa ciki ba tare da ɓata lokaci ba.

Al'adar Makka ce idan Hajji ya matso masu gida su ba da hayar ɗakunansu ta hannun muɗawwafi, wato mai yi wa alhazai jagora da nema musu masauki. A wannan shekara Daktur ya ba alhazan Jawa, wato mutanen Indunusiya, hawan ƙasa da na tsakiyar gidan. Shi aka tura shi aikin asibiti a Mina. Uwargida da Su'ad za su Ɗa'if wurin kakar yarinyar, wadda ta ce kare ba zai taka mata gida ba. Ammi Salihu ya tafi nasa aikin Hajjin. Aka bar ni da Bunduƙ a ɗakin saman soro. Daktur ya gargaɗe ni cewa Jawa Shafi'awa ne, in suka san akwai kare muɗawwafi zai kwashe su, maganar kuma tana iya kaiwa ga baladiyya, wato hukumar gari masu kashe karnukan titi. Kada a gan shi, kada a ji shi. Da za a ɗauki Su'ad zuwa mota ta riƙe mini hannun riga.

"Ammu Ishaƙ, amana na bar maka," in ji ta. Haka take kirana da Larabci, wato Baba Isiyaku.

Kwanakin farko mun sha lafiya, sai dai ko barcin kirki ba na yi, motsi kaɗan in tashi in rufe wa Bunduƙ baki. Ran da alhazai za su fita Mina ne abin ya ɓaci. Sun ɗaura harama tun da safe suna jiran motoci, motoci ba su zo ba. Suka cika zaure da matakala da kayansu. Iskar ranar kamar daga bakin murhu take fitowa. Na sauka na ɗebo ruwa a randunan zaure, na jiƙa karen, na jiƙa daɓen, kafin in juya ya bushe. Na sake ɗebowa. Wajen azahar Bunduƙ ya miƙe ya nufo ni, sai ƙafafunsa suka harɗe ya faɗi. Na buɗe bakinsa, harshen ya yi duhu.

Wuri mai sanyi ɗaya ne a gidan, gindin randunan nan na zaure, inda alhazan ke alwala. Na leƙa titi, ba mota. Na dawo na dubi karen, na sake leƙawa. In na sauko da shi na karya umarnin Daktur, kuma ina iya ɓata wa bayin Allah tsarki a ranar da suka ƙetaro teku dominta, wasunsu ba su da wata haramar ta canji. In na jira motoci kuwa, me zan gaya wa Su'ad? Daga ƙarshe na sa shi cikin kwandon wanki. Na rasa abin rufewa sai rigar sallata, na jiƙa ta na lulluɓe shi.

Ina sauka ina neman hanya, suna matsawa. Saura taki kaɗan in kai zaure sai malaminsu, wani dattijo siriri, ya tsaya a gabana yana kallon kwandon. Na bi idonsa da kallo. Kunne ɗaya ya zubo ta bakin kwando yana reto. Ya tambaye ni da Larabcin littafi mene ne wannan. Raina ya ce in ce ɗan akuya ne. Amma ƙarya ga mai harama, a cikin Makka, bakina ya ƙi.

"Kare ne, ya Hajji. Zafi zai kashe shi."

Matan suka ja da baya. Wani saurayi ya ɗaga murya da yarensu yana nuna ƙofa. Dattijon ya tattare haramarsa ya manne da bango, ya tambayi mai karen. Na ce na wata yarinya ce da ba ta iya tafiya. Sannan ya yi wa mutanensa magana, suka janye kayansu daga gindin randuna suka hau matakala. Ya ɗauki moɗa mai dogon hannu ya tsaya nesa da ni iya tsawon hannunsa.

"Kai ka riƙe, ni in zuba. Amma kada ya girgiza."

Ya yi ta zubawa a kan cikin karen da hammatarsa, ni ina durƙushe ina tare ruwan da ƙafa don kada ya gangara wajensu. Can numfashin ya fara lafawa, ya lashi ruwa a tafina. Sai na ji jikinsa ya ɗaure, alamar zai girgiza, ga fararen harama kewaye da mu. Na jefa masa rigar sallata na rungume shi a ƙirji. Ya girgiza a cikin rigar, ruwan duka a jikina ya ƙare.

Bayan na ɗaure shi a lungu na wanke wurin irin wankinsu, sau bakwai, ɗaya da ƙasar da na ɗebo a ƙofar gida. Dattijon na tsaye yana lissafawa da yatsu har motoci suka iso.

Da Daktur ya dawo ban jira ya tambaya ba, na gaya masa komai. Ya ce na karya masa umarni. Sannan ya tambayi launin harshen, na faɗa. Bai gode mini ba, bai kuma kore ni ba. Saurayin nan ya kai magana wurin muɗawwafi, ba a sake kawo mana alhazai ba, Ammi Salihu kuwa ya daɗe yana yi mini gori a kai. Su'ad da aka shigo da ita ko gaishe ni ba ta yi ba. Ta ɗaga kunnen Bunduƙ ta sansana.

"Akwai laima, Ammu Ishaƙ," ta ce.

Na ɗauko auduga.

Abin da na koya shi ne, mai gida yakan ba da umarni yana kallon ranar da komai ke tafiya daidai, ranar da abu ya karkace kuwa kai kaɗai za ka tsaya da shi. Mutanen da na yi kwanaki ina ɓuya daga gare su ban taɓa tambayarsu komai ba, tsoro kawai nake ji. Dattijon nan bai taɓa karen ko da ɗan yatsa ba, bai saki mazhabarsa ba, amma shi ya zuba ruwan.