Turken da ya tsaya a rabi

Chuwang Bot yana da shekara hamsin da huɗu, kuma shi ke tuƙa injin da ke buga turakun kankare a ƙasa kafin a ɗora gini. Mazaunin Anguwan Rukuba ne. Yawancin aikinsa a filayen tsofaffin kududdufan kuza yake, inda aka cike rami da ƙasa amma yumɓu na nan a ƙarƙashi.

A yumɓu, ba a barin turke a rabi. Bugu yana kwance yumɓun ya yi laushi, turken ya riƙa shiga. Idan aka tsaya, ruwan da aka matse sai ya janye a hankali, yumɓun ya dawo ya kama turken, kuma kamun yana ƙaruwa da kwanaki.

Wata rana da yamma, turke na rabin hanya, labari ya zo cewa gari ba lafiya, za a sa dokar hana fita. Ɗan kwangila ya bugo waya ya ce a gama kafin a tashi. Nura, mai kula da igiyar gudumar injin, a Dutse Uku yake zaune, kuma sai ya ratsa gari kafin ya kai gida. Wayarsa kawai yake dubawa.

Chuwang ya kashe injin. "Malam Nura, kama hanya. Ni zan amsa wa oga."

Da aka sassauta dokar suka dawo, turken ya ƙi motsi. Guduma ta fara fasa kan turken, Chuwang ya tsayar da ita. Ɗan kwangila ya ce idan turken bai ɗauki nauyi ba, a bakin aikin Chuwang.

Injiniya Loyis, mai sa ido kan aikin, ta ce ba za ta yanke hukunci da baki ba. Ta sa aka jira makonni, sannan aka jibge wa turken tubalan kankare ana auna nutsewarsa. Chuwang na tsaye a gefe har aka ɗora na ƙarshe. Turken ya nutsa kaɗan, ya tsaya. Ta ce ya riƙe, amma bai kai zurfin da aka tsara ba, sai an ƙara wani kusa da shi.

Ba a kori Chuwang ba, amma ɗan kwangila ya daina amsa gaisuwarsa. A makon jiya Chuwang ya buga ƙarin turken, Nura na riƙe da igiya, bai kashe injin ba sai da turken ya kai alamar zurfin da aka tsara.