Jan Hannu da Shekarun Gadoji

Jan Hannu ake ce masa, don jan fentin da ya shafe rayuwarsa yana shafa wa gadojin jirgin ƙasa ya shige masa ƙarƙashin farce ya ƙi fita. Har bayan ya ajiye aiki, in ya miƙo hannu a gaisa sai ka ɗauka yanzu ya sauko daga tsani.

Kowace gada a layin nan tana da farantin ƙarfe a jikinta, an zuba shekarar da aka gina ta a kai, lambobin sun taso ɓaro-ɓaro. Masu fenti kuwa suna da ƙa'ida: kafin buroshi ya taɓa gada, sai an lafta wa farantin giris, don kada fenti ya binne shekarar. In an gama a goge da tsumma. Wanda ya manta, ranar ya shiga uku da bakin abokan aiki.

Da jirgi ya daina bin layin, sai masu satar ƙarfe suka tashi haiƙan. Suka fara da kusoshi, suka koma kan farantai. Abin ya tsaya wa tsohon nan a rai. Gada ba ta magana, in an ɓalle shekararta shi ke nan, babu mai sake sanin yaushe aka yi ta.

Bai yi ƙara wurin kowa ba. Kasuwa ya shiga ya sayo guduma da kurfin sassaƙa dutse.

"Malam, sassaƙa za ka koya da tsufanka?" in ji matarsa.

"Ƙarfe ake ɗorawa a sikeli," ya ce. "Kin taɓa ganin mai sayen dutse?"

Haka ya fara. Ya je gada, ya karanta farantin, ya sauka ƙasa ya sassaƙa shekarar a jikin dutsen ginshiƙi. Rubutun farko kamar kaza ta yi tonon ƙasa, matar ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma ita ce ta riƙa binsa da gorar ruwa, tana mita tana riƙe masa tsani. Gwiwa ta kumbura, babban yatsa ya sha guduma, bai fasa ba. Wata gadar ma da suka sake bi ta kanta, farantin ya tafi, shekarar kuwa tana nan daram a dutse.

Babbar gadar kogi ya bari ƙarshe saboda nisa. Ita farantinta a waje yake, yana kallon ruwa, babu mai ganinsa daga sama. Masu fenti kwanciya suke rub da ciki, su zura hannu su shafa giris a makance. Haka ya yi ranar da suka isa can. Ya kwanta a kan katakon layi, ya zura hannu, ya laluba. Ramukan kusoshi kawai ya taɓa.

Ya daɗe a kwance. Baƙin ciki ya kama shi, don shi da idonsa bai taɓa ganin farantin nan ba, yatsunsa ne kaɗai suka san shi. Ya rufe ido, ya bar hannun ya bi inda ya saba bi, ko zai tuno lambobin. Ɗaya ta zo. Tara ta zo. Wata ɗayar ta zo. Ta ƙarshe ta ƙi.

Ya sauka ya sassaƙa ukun da ya tabbatar, sannan ya tsaya.

"To ka sa ko biyu ko bakwai mana," matar ta ce. "Wa zai kama ka?"

"Abin da aka sa a dutse, gaskiya ake ɗaukarsa. Ba zan yi mata ƙarya ba."

Ya gyara gurbin lamba ta huɗu, ya share shi sumul, ya bar shi fili. Ya zuba kayan aiki a buhu, ya ce gobe za su fara zaga wuraren masu sayen tsofaffin ƙarafa, ɗaya bayan ɗaya, ko za su ga farantin.

"In kuma sun narkar da shi fa?" in ji matar.

Ya ɗaure bakin buhun. Ya miƙa mata hannu ta ja shi ya tashi, sai ta ji yatsun har yanzu suna laluben iska.