Jan Kwaɗon Usta Mitwalli

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, tara ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Usta Mitwalli, shugabanmu na masu gyaran wuta a masaƙar garin Mahalla, bayan doguwar jinya.

Usta, kowa yabonka yake yi, ni Shahata ƙorafi na kawo. Mu biyu ka koya wa aiki, ni da Fathi, amma shi ne "ɗana", ni kuwa "kai shaiɗan". Ko gishiri na zuba muku a shayi, kofinsa kake fara canjawa.

Ban manta ranar da akwatin wuta ya yi bindiga a gaban Fathi ba. Haske ya kashe mana ido, rigarsa ta kama da wuta. Jama'a suka yi kansa, ka daka tsawa: "Kada wanda ya taɓa shi! Shahata, babban makunni, da gudu!" Sai da na kashe ka matsa, ka lulluɓe shi da bargo, ka tara hannayensa a famfo. Mai shayi ya sheƙo da man goge baki zai shafa masa, ka ce, "Haƙoransa ne suka ƙone? Ruwa kawai, sai asibiti!"

A asibiti da hannunka kake ba shi wake da burodi. Ni da na kashe wutar, ko sannu. Wallahi har na yi fatan ni na ƙone.

Tun daga ranar ba a buɗe akwati sai ka datse makunni da jan kwaɗonka, makullin a wuyanka, ba ka taɓa ba kowa ba.

Fathi ne ya saka ka a kabari. Shi aka ba rigar aikinka. Ina ta cika ina batsewa, sai ga mai ɗakinka, Hajiya Nabawiyya, ta damƙa mini kwaɗon. "Ya ce a ba shaiɗan, ran mutane na hannunsa. Ya ce kuma kada ka kulle kowa a banɗaki da shi."

Da ka faɗa mini da bakinka mana, Usta.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka da hasken da ba ya ƙuna. Ya ba Hajiya da 'ya'yanka haƙuri. Har da Fathi.