Ɓera a Hannun Hagu

Ni ban yi karatu ba, gara a san wannan tun da wuri. Aji biyu na yi a makarantar mishan ta ƙauyenmu wajen Nok, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu ba faɗa. Daga nan sai reluwe a Kafanchan, inda na ƙarar da ƙarfina ina juya wa jirage layi, ina shafa wa ƙarfe giris. Matata ce mai ilimin gidan. 'Yar Kagoro ce, ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, da Hausa na nemi aurenta kuma da Hausa muke faɗa har yau. Ita take buga tafireta a ofishin ikilisiyarmu tun yaranmu suna rarrafe. Tsarin sujadar Lahadi, sanarwar aure, waƙoƙin zumuntar mata, duk ta hannunta suke fita. Sakatare nake kiranta ko a gida. Ita kuma in ta so tsokana sai ta ce mini Injiniya, don ta san ba a taɓa barina na taɓa injin jirgi ba.

Wajen 1998, na riga na yi ritaya, jiragen ma sun kusa yin tasu, sai hannunta na dama ya fara rawa. In ta ɗauki kofin shayi sai ka ji yana kaɗa ƙararrawa a kan faranti. Likita ya ce jijiya ce da shekaru, ya ba da ƙwayoyi, rawar ta ragu amma ba ta tafi ba. A tafireta abin bai nuna sosai ba, don tafireta duka take so, yatsun kuma sun san hanyarsu ko a duhu.

Ana cikin haka 'ya'yan ikilisiya masu aiki a Kaduna suka kawo wa ofis kyautar kwamfuta. Rabaran ya ɗora wa na'urar hannu ya yi addu'a, muka ce amin. Rubutun bai ba Sakatare wuya ba, haruffan suna nan inda ta san su. Abin da ya tsaya mata shi ne wani ɗan abu kamar sabulun wanka mai doguwar wutsiya, ana ce masa mawus. Ta gaya mini ɓera ke nan da Turanci, shi ke nan muka ci gaba da kiransa ɓera. In ka tura shi a kan tebur, wata 'yar kibiya sai ta motsa a kan gilashin. Yana da maɓalli biyu a bayansa. Kafin ka buɗe komai sai ka kai kibiyar wurin, ka danna sau biyu da sauri, kuma hannu ba ya motsi.

To hannunta motsi yake yi. Ta danna na farko, kafin na biyu kibiya ta tsallake ta tafi wani gari. Wani lokaci ta jawo abu daga wannan kusurwa ta yar a waccan ba da niyya ba. Aikin da take gamawa kafin rana ta yi zafi sai ya kai ta yamma.

Akwai wani dattijon ikilisiya da 'yar ƙanwarsa ta yi kwas na kwamfuta, ya fara ambaton yarinyar a duk taron dattawa. Rabaran mutumin kirki ne, bai so ya yi gaggawa ba. Ya kira matata ya ce, "Mama, bari mu gani zuwa sujadar godiyar kaka. In tsarin ranar ya fito daga na'urar nan lafiya, ba wanda zai ƙara magana."

Bai faɗi abin da zai faru in bai fito ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Ta daina waƙa in tana wanke-wanke. Wannan ne ya fi damuna, don muryarta ba daɗi, amma na saba da ita. Teburin nan shi ne gonarta. Lokacin da muka binne ɗanmu na biyu, can ta koma ta zauna tana buga waƙoƙi har zuciyarta ta sauko. In an ɗauke mata shi ban san inda za ta ajiye kanta ba.

Sai na ce bari Injiniya ya yi aikinsa. Wata Asabar na raka ta ofis da sunan zan share mata yanar gizo-gizon da ke jikin bango. Da ta fita koyon waƙa da matan zumunta, na juya ɓeran na ga cikinsa. Akwai ɗan murfi, na murɗa, sai ga ƙwallo ta faɗo tafin hannuna, busasshiya ƙayau kamar ƙwallon goruba. Na girgiza kai. Duk abin da yake juyawa a duniya giris yake nema, wannan kam ko Bature bai isa ya musa mini ba. Na zaro ɗan gwangwanin da na taho da shi daga gida, na shafe ƙwallon sosai har tana ƙyalli, na mayar, na zauna na harɗe ƙafa ina jiran godiya.

Ta dawo ta tura ɓera. Kibiya ta tsaya cak. Ta tura hagu, ta tura dama, ko gezau. Ta ɗaga shi, ta ga baƙin layi a kan tebur, ta sunsuna, sannan ta juyo a hankali.

"Baba, warin tasha nake ji."

"Ƙila iska ce ta kawo."

"Iska ta zo da gwangwani?"

Na ce ai a da gudu ne ya yi wa kibiyar yawa, yanzu ga shi ya natsu. Ba ta yi dariya ba. Ta aike ni neman ruwa da garin sabulu, ni na wanke ƙwallon, ita kuma ta karya tsinken tsintsiya tana sakace 'yan ƙarafan da ke cikin ɓeran. Ina tsugune ina kallonta sai na ga da hannun hagu take yi. Tsinken yana shiga yana fita, ko kaɗan ba ya rawa.

Na daɗe da sanin matata bahaguwa ce. Tana yarinya malaminsu yakan ɗaure mata hagun a jikin benci, a gida kuma uwarta ta bi ta da muciya in ta kai shi cikin kwano. Ta koyi yin komai da dama, har mutane suka manta. Amma in ba kowa a madafa da hagu take tuƙa tuwon acca, in ta ji takuna sai ta sauya. Ni kuma sai in yi kamar ina neman ashana.

Na ce, "Sakatare, ki gwada shi da wancan hannun mana."

"Wane hannu?"

"Wanda yake riƙe da tsinke."

Ta ajiye tsinken kamar ya ƙone ta. "A ofishin da ake buga sunan Yesu? Mutum ya shigo ya ga ina yi wa Ubangiji aiki da hagu?"

"Ubangijin ne ya manna miki shi ai, ba ni ba."

Ta harare ni. Amma da muka mayar da ƙwallon, ta leƙa waje ta ga ba kowa, ta jawo ɓeran gefen hagu. Kibiya ta tafi sumul inda take so. Sai dai manuniyarta ta sauka a kan ɗaya maɓallin, tana dannawa wani jerin rubutu ya faɗo ya rufe mata wuri. Ta sake, ya sake faɗowa.

"Ka gani," ta ce, "shi ma bai yarda da hagu ba." Ta mayar da shi dama.

Ina da aboki, Alhaji mai goro a bakin tasha. Tun rikicin da aka yi a garin mutane da yawa suka daina zama inuwa ɗaya, mu dai ba mu fasa dararmu ba, don kowannenmu ya tabbata ɗayan maguɗi yake yi kuma sai ya kama shi. Na ba shi labari. Ya yi dariyar giris har ya ƙware, kafin la'asar duk layin masu goro sun ji. Da ya huce ya ce babbar 'yarsa tana da shagon buga takardu da kwamfuta a bayan kasuwa, zai yi mata magana.

Ta zo ranar Talata a kan acaɓa, mace mai 'ya'ya uku, da mayafinta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, nan ɗakin sujada ne ko ofis?" Na ce ofis ne 'yata, shigo, ba za mu yi miki baftisma yau ba. Ta durƙusa ta gaida matata, ta zauna, ta juya ɓeran ta sunsuna.

"Har ke ma?" na ce.

"Baba, gari ya ɗauka."

Matata ta nuna mata yadda abin yake. Ba ta faɗi maganar hagu ba, ni na faɗa, na sha harara. 'Yar Alhaji ba ta nuna ta ji wani abin mamaki ba. Ta danna nan, ta danna can, sai ga hoton ɓeran kansa ya fito a kan gilashi, da 'yan rubuce-rubuce a gefe.

"Mama, karanta nan."

Matata ta gyara tabarau. Layi biyu ne, na sama ya ce mai hannun dama, na ƙasa ya ce mai hannun hagu.

"Masu ƙera abin sun san da ku," in ji matar. "Gurbinku ne wannan, tun daga can aka ajiye shi. Ba wanda ya taɓa shi ne kawai."

Matata ta daɗe tana kallon layin nan. Ni ban iya karanta shi ba, fuskarta nake karantawa. Sai ta ce a hankali, "Danna."

Aka danna, maɓallan suka yi musayar aiki. Daga nan matar ta nuna mana wani ɗan sanda da ake ja, gefe ɗaya sauri, gefe ɗaya sannu, shi yake faɗa wa na'urar tsawon jiran da za ta yi tsakanin dannawa ta farko da ta biyu. Ta ja shi wajen sannu. Kusa da shi akwai hoton ɗan akwati na gwaji. Ta ce wa matata ta kai kibiya kansa ta danna sau biyu.

Matata ta goge hagunta a zani, ta ɗora, ta danna. Murfin akwatin ya buɗe, wani ɗan tsana mai hula ya yi tsalle ya fito yana rangaji. Ta ja baya, sannan dariya ta ƙwace mata. Ta sake dannawa ya koma ciki. Ta sake, ya fito. Mace mai jikoki ta zauna tana fito da ɗan tsana tana mayarwa, mu biyu muna tsaye ba wanda ya ce mata ya isa.

Matar ta rage wa kibiyar gudu kaɗan. Akwai kuma wurin da ake sa mata jela, in ta motsa sai wasu kibiyoyi su biyo ta a baya kamar agwagwa da 'ya'yanta. Ni wannan ya fi burge ni, na ce a bar shi. Sakatare ta ce a cire, ofis ne ba wurin wasa ba. Ta faɗi haka ɗan tsanan yana tsaye a waje.

Aiki ya fara tafiya, amma ba ta daina ɓoyo ba. Da ta ji taku sai ta ɗaga ɓeran da wutsiyarsa ta mayar dama, ta ɗora hannu a kai kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Ranar Juma'a kafin godiyar kaka ina ofis, Rabaran ya shigo ba sallama, da ƙyar ta samu ta mayar. Ya duba tsarin a kan gilashi ya ce lambar waƙa ta biyu ba daidai ba ce, bari ya gyara da kansa, don shi ma ya ɗan koya. Ya kama ɓera ya danna, jerin rubutu ya faɗo. Ya sake, ya sake faɗowa. Ya juyo ya dube ni.

"Baba, ka sake kawo gwangwanin?"

Na buɗe baki zan ce ni ne, tunda sunana ya riga ya ɓaci, ƙari ɗaya ba zai kashe ni ba. Sai ta riga ni.

"Ba shi ba ne, Rabaran."

Ta miƙa hannu ta karɓi ɓeran, ta zagayo da wutsiyar ta bayan allon haruffa, ta ajiye shi a hagu. Ta kai kibiya kan lambar, ta danna, ta gyara. Hannun damanta yana kan cinya yana rawarsa.

Rabaran ya bi hagun nata da kallo. "Mama, tun yaushe?"

"Tun haihuwa."

Ya gyaɗa kai. "To a fitar da shi yau. Gobe masu ninke takardun za su zo da safe." Ya ɗauki Littafinsa ya fita.

Ranar Lahadi aka cika majami'a da doya da citta da dammunan dawa, kowa da tsarin sujada a hannu, wasu na karantawa, wasu na fifita da shi. Nawa na ninke na sa a aljihun gaba.

Ran Litinin na kai mata gwate a kula. Na tarar da dattijon nan mai 'yar ƙanwa zaune a kujerar baƙi, yana faɗa mata sanarwar auren ɗansa tana bugawa. Ɓeran yana hagu, a fili. Dattijon ya dube shi, ya dube ni, ya ci gaba da faɗar sunayen iyayen amarya. Ita ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Baba, zauna ka jira," ta ce. "Ina aiki."

Na samu benci a bakin ƙofa na zauna, da kular a cinyata.